Na'urar hana taya sulɓi a tseren motoci na filin ƙasa: wayo ne ko maguɗi?

Totur410

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu sanin tseren motoci na filin ƙasa, irin zagayen yumɓu da ake yi a Amurka da Ostireliya. Kusan duk littafin dokokin gasar da mutum ya buɗa, daga World of Outlaws har IMCA, ƙungiyoyin da ke shirya irin wannan tsere a Amurka, zai tarar an haramta na'urar lantarkin nan da ake ce wa tirakshan kwantirol, wadda ke rage wa inji ƙarfi da zarar tayar baya ta fara juyin banza. Amma masu ƙera ta suna tallarta a fili, kuma direba bai isa ya ci gasa uku a jere a kan fili mai santsi ba sai an fara raɗe-raɗin cewa yana da ita.

Abu uku nake son a warware mini. Yaya take aiki a motar da ba ta da kwamfuta, wata ma ko batir babu? Da gaske tana ba da fifiko mai yawa, ko tsoronta ya fi ta girma? Na uku kuma shi ya fi damuna: tunda an yarda mutum ya zuba dubban daloli a shokozoba da taya don neman kamun ƙasa, me ya sa ita kaɗai ta zama maguɗi?

Mai_Taimin

Wa alaikumus salam, Malam Totur. Bari in ɗauki ta farko, domin sai an gane yadda abin ke aiki kafin a shiga gardamar halacci.

A motar gida akwai sensa a kowace taya. Kwamfuta tana kwatanta gudun tayoyin, in masu jan motar suka zarce sauran sai ta rage ƙarfin inji ko ta taɓa birki. Wannan dabara ba ta ci sosai a filin ƙasa. Motar a karkace take shiga kwana, don haka tayoyin gaba ba sa bin layin da jikin motar ke bi, tayar gaba ta hagu kuwa sau da yawa a sama take, ba ta taɓa ƙasa ma. Tayoyin baya a kulle suke a kan aksul ɗaya, kuma da gangan ake sa ta dama ta fi ta hagu girma don motar ta riƙa karkata hagu da kanta. A motar sifirint, wato ƙaramar motar tsere mai tayoyi a waje da ake yawan ɗora wa fiffike a sama, kewayen tayar dama yakan kai inci 105, ta hagu kuma ta gaza da inci goma ko fiye. Ke nan ko a miƙaƙƙen layi ɗayarsu tana ɗan sulɓi. Ga kuma sensa da waya a jikin taya, abin da ko makaho ya laluba zai gano.

Shi ya sa na'urorin da ake magana a kai, irin waɗanda kamfanin Davis Technologies ya yi suna da su, abu ɗaya suka fi sa wa ido: saurin da juyin inji ke hauhawa. Sifirint ba ta da giya ta canzawa, ba ta da kuloci, tura ta ake yi ta tashi. Let-model da modifayid, wasu azuzuwan motocin tseren filin ƙasa, suna da giya, amma da an fara tsere a babbar giya suke zama. Saboda haka juyin inji da juyin tayar baya a ɗaure suke da juna, in ka san ɗaya ka san ɗayan.

Ga lissafi na misali. A ce giyar baya 6 ce ga 1, kewayen taya mita 2.6. Kowane juyi 1,000 na inji a minti yana daidai da kusan mita 7.2 a daƙiƙa. In ƙasa ta ba motar damar ƙara gudun mita 7 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, wanda kamu ne mai kyau, juyin inji zai hau da kusan 1,000 a daƙiƙa. To idan na'urar ta ga yana hawa da 3,000 ko 4,000 a daƙiƙa, ta san motar ba za ta iya wannan ba, taya ce ta kuɓuce. Tsofaffin na'urori lamba ɗaya ake saita musu. Na baya-bayan nan suna ɗaukar matsakaicin hawan da aka yi a 'yan juye-juyen da suka wuce, su kwatanta sabon da shi, don haka suna bin fili yayin da yake bushewa ba tare da an sake saiti ba.

Daga ina take samun labari? Daga siginar da distiributa ko maganeto ke aika wa akwatin wuta, wato akwatin da ke sarrafa tartsatsin fulogi, ko daga wayar agogon juyin inji, ko daga sensar da aka ɗora a farfela. Inji mai silinda 8 yana kunna fulogi sau 4 a kowane juyi. A juyi 7,500 a minti, tartsatsi 500 ke nan a daƙiƙa, ɗaya a kowane kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ɗan Adam yakan ɗauki kusan kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa kafin ya ji abu ya motsa ƙafa. Kafin nan fulogi ya kunna sau 100, na'urar kuma ta auna tazarar kowane ɗaya.

Maganin da take yi shi ne jinkirta wuta. A ce an saita taimin a digiri 30 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Na'urar tana zaune tsakanin mai aika sigina da akwatin wuta, sai ta riƙe siginar na ɗan lokaci kafin ta saki. A juyi 7,500 kiranshaf yana cin digiri 45,000 a daƙiƙa, don haka jinkirin digiri 10 bai wuce kashi 0.22 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Wutar ta makara, fistin ya riga ya fara sauka kafin matsin ya cika, ƙarfin juyi ya faɗi, taya ta sake kama ƙasa, sai a mayar da taimin inda yake. Akwai masu yanke wutar wasu silindoji gaba ɗaya, amma wannan yana sa inji ya yi tari a salansa, kowa a filin zai ji. Akwai kuma masu matsa birkin baya ta bawul ɗin lantarki, su ma kayansu sun yi yawa a ɓoye. Jinkirta wuta shi ne mai shiru.

Batun batir ba matsala ba ne. Allon lantarkin ƙarami ne, bai kai akwatin ashana ba a wasu, ɗan batirinsa na kansa ya ishe shi dare guda.

Yumɓu_Da_Danshi

Injiniya ya gama da ta farko. Ta biyu amsarta tana ga ƙasar filin, ba ga motar ba.

Da farkon dare, an sha ba filin ruwa, yumɓu yana da danƙo. A nan sifirint mai injin 410, wato mai faɗin ciki inci 410 na kubik, ƙarfin doki kusan 900 a jiki mai nauyin kusan fam 1,425 har da direba, tana iya zagaya filin rabin mil kusan ba a ɗaga ƙafa daga totur ba. Na'urar ba ta da aikin yi, sai ma ɓarna. In ƙasa ta yi kunya-kunya da ramuka, taya tana tsalle ta bar ƙasa, juyin inji ya yi tsiri na ɗan lokaci, na'urar ta ɗauka sulɓi ne ta janye taimin, daidai lokacin da tayar ta dawo ƙasa tana neman ƙarfi. Motar sai ta yi nauyin fita kwana.

Bayan motoci sun yi ta bi, danshi ya tafi, saman fili ya yi baƙi yana sheƙi, a nan ne take cin kasuwarta. Injin yana da ƙarfin da ya ninka abin da ƙasa za ta iya karɓa, direban kirki yana taka totur rabi ko ƙasa da rabi, yana lallaɓa shi kamar mai taka ƙwai. Wanda ke da na'ura zai iya takawa da ɗan gaugawa, ita ta share masa kuskuren.

Amma babbar ribar ba a zagaye ɗaya take ba, a taya take. Tayar da ke juyin banza tana zafi, gefunan tsagin da aka yanka mata suna lanƙwashewa, fuskarta ta yi sumul ta daina cizo. A tseren zagaye 8 na share fage wannan ba komai ba ne. A wasan ƙarshe na Knoxville Nationals mai zagaye 50, ko World 100 na filin tseren Eldora mai zagaye 100, wanda ya isa zagaye goman ƙarshe da tayar dama mai sauran kaifi shi ke da magana. Bambancin kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa a zagaye, in ka tara shi sau 30, ya zama tazarar da ake gani daga kan benci.

Abin da masu tsoronta ke mantawa shi ne motar filin ƙasa da totur ake juya ta. Tunda aksul a kulle yake, sai bayan motar ya ɗan zame kafin hancinta ya shiga kwana. In aka saita na'urar ta yi saurin kamawa, tana hana wannan zamewar, motar ta ƙi juyawa ta nufi katanga, direba ya ɗaga ƙafa, ya yi asarar fiye da abin da ya samu. Taya a kan ƙasa maras ƙarfi tana bukatar sulɓi fiye da taya a kan kwalta kafin ta ba da cikakken kamunta, domin haƙa take yi tana tura ƙasa baya. Manufa ba a kashe sulɓi ba ce, a tsayar da shi a inda ya fi amfani.

Inji ma yana biyan kuɗinsa. Wutar da ta makara tana ƙarasa ci ne a lokacin da bawul ɗin fitar hayaƙi ke buɗewa, zafi ya koma kan bawul da bututun salansa. In na'urar tana janye digiri 15 zuwa 20 a kowace fitar kwana har tsawon tsere, bawul yana iya ƙonewa, ruwan inji ya hau. Mai yanke silinda kuma yana barin metanol ɗin da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi.

A taƙaice, ba ta mayar da motar da aka saita ba daidai ba ta zama ta gaba. Amma tsakanin direbobi biyu masu mota iri ɗaya, a fili mai santsi, tana iya raba gardama, kuma ta fi taimakon wanda ƙafarsa ba ta gama nuna ba.

Fiffike25

Ni kam, 'yan'uwa, ina ganin a halatta ta kowa ya huta, kuma ga hujjata.

Duk abin da ke jikin motar nan hana sulɓi yake yi. Ana sa giya mai tsawo don inji ya rage zafin fizga. Ana gyara sandar totur yadda rabin farko na takawa zai buɗe maƙogwaro kaɗan kawai. Ana rage taimin tun a gareji in an ga fili zai bushe. A let-model da modifayid akwai sandar ja mai sifirin da ke shanye fizgar farko kafin ta isa taya. Direban sifirint yana da abin zamar da fiffiken sama baya yana cikin gudu, don nauyin iska ya koma kan tayoyin baya. Wasu suna taka birki da ƙafar hagu alhali dama tana kan totur. Duk wannan halal ne. Me ya raba sifirin da ke shanye fizga da allon lantarki da ke shanye ta?

In batun kuɗi ne, injin 410 na gaba-gaba ya haura dala 50,000. Kuɗin na'urar bai kai ko kusa da wannan ba, kuma haramcin ne ma ke ƙara mata tsada, domin abin da ake saya a ciki har da ƙanƙanta da iya ɓuya. In ta zama halal, za a yi mai araha a akwati babba.

Sannan a dubi Fomula 1. An hana ta daga 1994. A shekarar aka sami tsarin taimakon tashi a ɓoye cikin manhajar motar Benetton, amma ba a iya tabbatar da an yi amfani da shi a tsere ba. Zargi ya yi ta yawo shekara da shekaru har FIA, hukumar da ke kula da gasar, ta sake halatta ta daga gasar Sifen ta 2001, saboda ta kasa tsare dokar. In hukuma mai wannan dukiya ta kasa, ina ga ƙaramin fili mai jami'in bincike ɗaya da tocila? Dokar da ba a iya tsarewa mai gaskiya kaɗai take ɗaurewa.

Hatimi_Da_Awo

Malam Fiffike, jimlarka ta ƙarshe gaskiya ce, amma labarin Fomula 1 bai tsaya a 2001 ba. A 2008 an sake hana ta, kuma wannan karon dokar ta zauna, domin an tilasta wa kowace mota kwamfutar inji iri ɗaya wadda McLaren Electronic Systems ta ƙera. Ba su ƙara wayon kama ɓarawo ba, ƙofar suka ƙuntata. Darasin da filin ƙasa zai ɗauka ke nan.

Game da sifirin da allon lantarki, akwai bambanci na zahiri. Giya, sandar ja, shokozoba, tsagin taya, duk kafin a tashi ake yanke shawararsu. In bakanike ya yi hasashen fili zai bushe, sai ya ƙi bushewa, motar ta cutu har ƙarshen tsere. Fiffike da birkin ƙafar hagu kuwa direba ne ke ji a jikinsa ya motsa hannu ko ƙafa, yana iya yin daidai, yana iya kuskure. Na'urar ita ce ke ji, ita ke yanke shawara, ita ke aikatawa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa, direba bai ma san ta yi ba. A tseren da motoci ke da ƙarfi fiye da kamun ƙasa, sarrafa totur shi ne ainihin gwanintar da ake gasa a kai. In ka cire shi, ka canza abin da ake aunawa. Kuma halattawa ba za ta tsaya a akwati mai araha ba: gobe sai mai haɗa GPS, da mai auna karkatar mota, da injiniyan da ke zaune da kwamfuta yana saita taswira ga kowace kwana. Tseren kuɗin ya koma can.

Ga yadda bincike na gaske yake, don a ga ba tocila kaɗai ba ce.

Waya ake fara bi. Daga maganeto ko distiributa zuwa akwatin wuta, daga akwati zuwa koyil, zuwa makunni, zuwa agogon juyi. Kowace waya a bi ta da hannu daga tushe zuwa ƙarshe. Wurin da aka naɗe da tef mai kauri, ko roba mai ƙanƙancewa da ta yi kumburi, ko soket ɗin da ba ya zuwa ko'ina, a buɗe. Soket maras aiki ya fi komai muhimmanci, domin wasu na'urorin cire su ake yi: direba ya zare ta a zagayen sanyaya inji ya sa a aljihun rigar tsere. Saboda haka motocin da suka zo gaba kai-tsaye za su wuce wurin bincike daga fili, ba wanda zai taɓa su, direba ya fito a gaban jami'i.

Sai akwatin wuta. A duba sukurori ko an taɓa kwance su, a duba ƙullin roba da aka zuba a ciki ko launinsa ya bambanta, a ɗora shi a ma'auni mai auna giram a kwatanta da sabo irinsa. Agogon juyi ma haka, domin yana da sigina, yana da wuta, yana da fili a ciki, wuri ne mai daɗin ɓuya. In an yi shakka, hoton eksire yana nuna allon da ba na kamfani ba, ko a aika wa kamfanin da ya ƙera akwatin ya buɗe.

Gwajin da ya fi ƙarfi a kan tebur ake yinsa. A haɗa akwatin da na'urar da ke kwaikwayon siginar inji, a sa osiloskof, na'urar da ke zana siginar lantarki a allo, mai layi biyu, ɗaya a siginar shiga, ɗaya a fitar koyil. A tsayar a juyi 5,000, a rubuta tazarar da ke tsakaninsu. A hau zuwa 7,000 a hankali, kamar 500 a daƙiƙa. A dawo, a sake hawa da 4,000 a daƙiƙa. Akwati mai tsabta tazararsa a juyi 6,000 ɗaya ce ko ta wace hanya aka iso wurin. Wanda aka yi wa cushe, tazarar za ta yi tsalle a hawa mai sauri kaɗai. Raunin gwajin shi ne na'urar da sai an tashe ta, ta hanyar kunna makunni sau kaza ko ta rimot, tana iya yin barci a kan tebur. Shi ya sa bincike kaɗai bai isa ba.

A kuma kiyayi kama marar laifi. Mai aika sigina na maganaɗisu da akwatin kansa suna da ɗan jinkiri na asali, wanda ke sa taimin ya ja baya da 'yan digiri yayin da juyi ke hawa. Wannan yana bin yawan juyi ne, ba saurin hawansa ba. In aka juya wayoyi biyun mai aika siginar, taimin yana kaucewa ya riƙa rawa. Wayar fulogi mai zallar ƙarfe a ciki tana watsa hayaniyar lantarki da ke rikita akwati. Mai iyakance juyi yana sa inji tari a ƙarshen miƙaƙƙen layi. Wutar da ke fita a salansa in an ɗaga ƙafa kuwa ragowar mai ne ke ci. Ba ɗaya a cikin waɗannan da ke nuna maguɗi, kuma kunnen ɗan kallo ba hujja ba ne. Zargi maras tushe yana ɓata sunan direban da ya yi shekara ashirin yana koyon ƙafarsa, kuma wannan ma rashin adalci ne da na'urar ke jawowa ko da ba ta jikin motar kowa.

Kuɗin da ke kan tebur ya isa a ɗauki abin da gaske. Eldora ta biya Jonathan Davenport dala 1,002,022 a 2022, ta biya Logan Schuchart dala 1,002,023 a 2023. Waɗanda suka ci gasa mai irin wannan lada suna bin ta bashin bincike mai ƙarfi, don kada kowa ya sami bakin magana a kan nasararsu.

Totur410

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yallaɓai Hatimi, manyan gasa suna da kuɗin eksire da osiloskof. Ƙaramin fili mai tseren mako-mako fa, wanda ladan na ɗaya bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba? Kuma dokar nan ta sayen kayan abokin hamayya, irin wadda IMCA ta daɗe tana yi a kan inji, ba za ta wadatar ba in aka ɗora ta a kan akwatin wuta?

Hatimi_Da_Awo

Tana taimakawa, Malam Totur, amma ba ta wadatarwa. In doka ta ce duk wanda ya gama tsere zai iya sayen akwatin na gaba a farashin sabo, ba mai hankalin da zai cusa na'urar dubban daloli a ciki. Sai dai ya mayar da ita cikin wayoyi ko agogon juyi, inda sayen bai shafa ba. Kuma direbobi suna jin nauyin yi wa juna haka, domin ana ɗaukarsa zargi a bainar jama'a, wani lokaci ya zama hanyar ramuwar gayya. Ya fi kyau filin da kansa ya riƙe ikon musanya.

Ga abin da ƙaramin fili zai iya. A zaɓi akwatin wuta samfuri ɗaya ga kowane aji, wanda ba a shirya shi da kwamfuta. Filin ya sayi guda biyar ko shida, ya sa musu lamba da hatimi. Kowane dare a jefa ƙuri'a kafin wasan ƙarshe, motoci biyu ko uku su karɓi akwatin fili, a riƙe nasu har a tashi. Wanda ya ci makon jiya ya shiga cikinsu ba tare da ƙuri'a ba. Don musanyar ta yi sauri, doka ta tilasta soket iri ɗaya da wurin ɗaurawa iri ɗaya, inda jami'i zai gani da ido kuma hannun direba ba ya kaiwa in ya ɗaura bel.

Wayar da ke tsakanin distiributa da akwati ta zama guda ɗaya, ba haɗi, ba reshe, a fili take ba cikin bututu ba, tsawonta kada ya wuce abin da doka ta faɗa. In filin zai iya, ya raba wannan wayar tare da akwatin, tunda ita ce hanyar da sigina ke bi. Agogon juyi ko dai a hana shi lokacin tsere, ko a yarda da samfuri ɗaya mai waya ɗaya ta sigina. Sensa a farfela, a aksul ko a taya, a hana gaba ɗaya. Kayan lantarkin da za su shiga mota su tsaya a biyu: na'urar ƙidayar zagaye da rediyon da direba ke jin jami'ai da shi, wanda ba ya aikawa. Wayar hannu da agogon hannu mai kwamfuta su zauna a gareji.

Hukunci a rubuta shi tun farkon kaka, har da na wanda ya ƙi yarda a bincika, kuma ya zama daidai da na wanda aka kama, in ba haka ba kowa zai zaɓi ƙin yarda. Duk abin da aka ƙwace a sa shi a jaka a gaban mai motar, a manne, shi da jami'i su sa hannu a kan mannin, a rubuta lambar akwatin, a ba shi rasit. In za a buɗe, a buɗe a gabansa ko a aika wa kamfanin da ya ƙera, kuma a ba shi kwanakin ɗaukaka ƙara.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: bayan an musanya akwati, a bar bakanike ya haska fitilar taimin ya duba kafin motar ta shiga fili. Akwati biyu samfuri ɗaya suna iya bambanta da digiri ɗaya ko biyu, kuma a injin da aka saita a bakin iyakarsa, digiri biyu na gaba sun isa su jawo ƙwanƙwasar da za ta huda fistin. Minti biyar ya ishi wannan dubawar, a sa shi cikin jadawalin dare tun farko.